Sunan da Yaya Ba Ta Faɗa Ba

Ubangijin da ya ba mu Yaya ya karɓi abarsa, ba ni da ja da wannan. Abin da nake ja da shi wata magana ce da aka faɗa a kanta tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Shi ya sa na zaunar da 'yata na ce ta ɗauko abin rubutu. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma ba a taɓa kama bakina da ƙarya ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini, kada ta sassauta.

A gidan ɗan Yaya da ke unguwar Sedgefield, a nan Amurka, aka yi zaman makoki. Falo ya cika, takalma sun taru a bakin ƙofa har sun gangara kan ciyawa. Matan zumunta na cocinmu sun zo da zanensu iri ɗaya, suka rera waƙoƙin da take so, sai dai babu mai buga tulu, don ita ce mai bugawa. Wata ta ɗauka ta gwada, hannunta bai zauna ba, ta ajiye. Kowa da abin da ya tuna. Wata ta ce tun da Yaya ta bar gida ba ta ƙara cin daddawar kirki a garin nan ba. Wani dattijo mutumin Jos ya ce ita ce ta taɓa korarsa daga kicin ɗin coci da ludayi don ya ɗaga murfin tukunya, aka yi dariya ana share hawaye. Jikokinta da ta goya suna zaune a kan matakala, suna kukansu da Turanci.

Can sai fasto ya matsa kusa da ɗan, ya dafa kafaɗarsa yana ba shi haƙuri. Shi kuwa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, “Fasto, ni na daɗe da yin kukana. Mama ta tafi tun kafin ta tafi. Ko sunana ba ta iya tunawa.”

Mata suka shiga gyaɗa kai. Wata ta ce, “Ciwon mantuwa ba shi da kyau.” Wata ta ce, “Kai dai ka yi ƙoƙari, Allah ya ba ka masu yi maka.”

Ina zaune a ƙasa na jingina da bango. Kusa da ni Hajiya ce, mutuniyar Maraɗi, tsohuwar maƙwabciyar Yaya. Ta ji na motsa, sai ta danne mini gwiwa da tafin hannunta, ta ce mini a hankali, “Mama, ba a nan ba.”

Na haɗiye. Amma abin da na haɗiye ranar bai wuce maƙogwaro ba, ga shi yau ina fitar da shi.

Yaya ita ce babba a ɗakinmu, ni ce auta, a wani ƙauye can ƙasar Malumfashi. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin tafin hannu. Ba ta tafiya a hankali ko babu inda za ta. Daddawa ce sana'arta, kuma ba ta taɓa yarda wani ya iya ba. In ta ɗanɗana miyar wata, ba ta cewa babu daɗi, sai ta ce, “Allah sarki, kin sha aiki.” Duk matar da ta ji haka ta san an gama da ita. In yaro ya zo mata da ƙara, sai ta ce, “Ka ci abinci tukuna, in ka ƙoshi mu ji ko maganar tana nan.” Yawanci ba ta nan.

Da ta zo Amurka ma ba ta sauya ba. Ba ta zama a kan kujerar falo, ta ce tana haɗiye mutum. A ƙasa take shimfiɗa zaninta, kusa da ramin da iskar zafi ke fitowa lokacin sanyi, ta miƙe ƙafafu tana tsinkar ganye. A bayan gidajen haya na Gate City, inda suka fara zama, ta sami wani ɗan fili kusa da shingen waya, ta shuka yakuwa da rama da kuɓewa ba ta tambayi kowa ba. Mai kula da gidajen ya zo ya yi ta Turanci, ta tsinko kuɓewa ta cika masa hula. Bai ƙara dawowa da faɗa ba, sai da leda.

A can ta haɗu da Hajiya. 'Yar Hajiya ta haihu, Hajiya kuwa tana kwance da ciwon baya, babu mai yi wa mai jego wanka. Yaya ta ji kukan jariri ta bango, ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce, “Wa ke dafa muku ruwa?” Aka ce babu. Ba ta tambayi coci suke zuwa ko masallaci ba. Ta naɗe hannun riga, ta dafa ruwa, ta gasa yarinyar nan safe da yamma, ta dama mata kunun kanwa, har ta yi arba'in. Da aka kawo mata atamfa ta godiya sai ta ce ai launin ba ya karɓarta, a ba mai jego.

Mun yi faɗa ni da ita, kada a ce na mai da ta mala'ika. Akwai shekarar da na roƙe ta irin yakuwa ta hana ni, wai hannuna na kashe shuka. Na ce hannun da ya raini ɗanta ne zai kashe ganye? Ta tashi ta bar mini ɗakin. Damina ta kusa fita ba mu gaisa da kyau ba. Ran nan ina fitowa sujada na buɗe jakata, sai ga ƙullin iri a bakin tsumma. Amma na san abin da ya ɓata mata rai, ba maganar hannu ba ce. Na ce “ɗanta”. A gaban mutane na jingina mata shi.

To, a nan maganar take, ku saurara da kyau, musamman ku yaran da aka haifa a nan.

A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta roƙonsa abu, ba ta nuna ta damu da shi. Ba ƙiyayya ba ce, nauyi ne. Wasu matan suna yi sama-sama, shekara kaɗan su sake. Yaya ba ta san sama-sama ba. Ranar da aka yaye shi aka miƙo mini shi, ina budurwa, na ɗaure shi a bayana. Da na yi aure da shi na tare. Ni na koya masa magana, ni na cire masa ƙaya, ni yake kira Inna. Uwar da ta haife shi kuwa Yaya yake ce mata, don haka ya ji ina faɗa. Sai da ya zo Amurka ya fara ce mata Mama.

Ita kuma sunansa ɗaya a bakinta: “ɗanki”. “Ɗanki ya ci abinci?” “Na ga rigar ɗanki ta yage.” In ta yanka kaza, sai ta zuba cinya a kwanona ta ce wai na rame, alhali ta san bakin da cinyar za ta shiga. Da ƙyanda ta kama shi, har muka cire rai, ba ta shigo ɗakin ba. A bayan danga ta tsaya, daidai inda tagar take. In na fito zubar da ruwa sai in ga sawun ƙafarta ya yi rami a wurin. Ranar da zai tafi Amurka duk dangi sun raka shi tasha, ita ta ce wake na kan wuta. Ta ba ni ƙullin ƙuliƙuli ta ce, “Ki ba ɗanki, an ce tafiyar da nisa.”

Ya san wannan duka. Ba labari aka ba shi ba, a ciki ya girma. Yana yaro har tsokanarta yake yi, ya tsaya a gabanta ya ce, “Yaya, wai wane ne ni?” Ta ɗaga muciya, ya ruga yana dariya.

Shi ya kawo ta nan da matarsa ta haihu, don ta yi musu reno. Ta goye jikoki ɗaya bayan ɗaya, iyayen suna wajen aiki. Daga baya ni ma 'yata ta kawo ni, muka zauna a Glenwood, cikin ɗalibai masu kekuna. Muka koma yadda muke a gida: in Yaya tana son wani abu wajen ɗanta, ni za ta gaya wa, ni in kira shi da sunansa in faɗa masa. Ni ce bakinta. Ko asibiti za a kai ta, da ni ake zuwa.

Jikoki suka girma. Ɗan ya sami ɗaukaka, suka tashi daga Gate City suka koma Sedgefield, gida mai bene, kusa da filin da Turawa ke buga ƙaramar ƙwallo da sanda. Babu maƙwabcin da za a ƙwanƙwasa wa ƙofa, babu bas, ciyawar ma ba a yarda ka shuka komai a cikinta ba. Yaya ta wuni ita kaɗai da bango. Ba zan ɓoye ba, tsufa ya taɓa ta. Ta taɓa zamewa a banɗaki ta bugu a ƙugu. Ta taɓa ɗora tukunya barci ya ɗauke ta, har ƙararrawar hayaƙi ta tara mutane. Wa ya kai shekarunta bai ƙona tukunya ba? Amma hankalinta garau yake. Tana iya lissafo miki dangin mijinta har kakan kaka, da wanda ya auri wa, da wanda ya saki wa.

Ran nan aka ce za a kai ta ganin likita. Na yi wanka na ɗaura ɗankwali ina jira a zo a ɗauke ni. Sai waya ta yi ƙara, ɗan ya ce, “Inna, ki huta, an ɗaga.”

Ba a ɗaga ba. An je, ba da ni ba.

Yaya ce ta ba ni labarin da bakinta daga baya, tana dariya, don a lokacin ba ta san abin da aka yi mata ba. Ta ce likitan yaro ne mai ladabi, ya yi ta tambayoyin banza, ɗan yana mayar mata da Hausa. Ya tambaye ta shekarar da aka haife ta, ta ce uwarta ta ce da kaka ne, ana yankan gero. Ya tambaye ta sunan watan da ake ciki, ta ce ai watan da yakuwa ke fure ne. Ya miƙa mata biro ya ce ta zana agogo. Matar da ba ta taɓa riƙe biro ba. Ta ce ta riƙe shi kamar tsinken tsire, ta ajiye.

“Daga nan,” in ji ta, “sai ya nuna ɗanki da yatsa, wai wane ne wannan, mene ne sunansa.”

Na ce, “Sai kika ce me?”

“Me zan ce? Na ja mayafi na rufe baki. Sai ɗanki ya ce, ‘Mama, wai ki faɗi sunana.’ Na ɗauka tsokanar nan tasa ce ta yarinta, har na nemi muciya a raina. Likita ya sake tambaya. Na dubi ƙasa. Na ce yanzu ɗanki zai yi masa bayanin yadda muke.”

“Ya yi?”

“Ya dai faɗi wata magana 'yar gajeruwa da Turanci, ya girgiza kai. Likitan ya dube ni da tausayi, ya yi rubutu.”

Bayanin al'adarmu ba ya shiga magana 'yar gajeruwa. Tun a nan gabana ya faɗi.

Ba a daɗe ba aka ce mata za a kwantar da ita a wani asibiti don a gasa mata ƙugu, in ta ji sauƙi ta dawo. Ta ɗauki zane kaɗan, ta bar tulunta da irin shukarta, ta ce wa matar ɗan ta riƙa juya daddawar da ta shanya. Ba asibiti ba ne. Gidan tsofaffi ne, kuma ɓangaren waɗanda hankalinsu ya gushe, inda ƙofa ba ta buɗuwa sai an danna lambobi.

Hajiya ce ta fara raka ni, don ita ta san bas. Daga Glenwood mu shiga ɗaya, mu sauka, mu shiga wata, mu taka sauran da ƙafa. Wurin yana da tsabta, ba zan yi musu ƙarya ba, ma'aikatan ma ba mugaye ba ne. Amma na tarar da Yaya a kan kujera mai taya, an ɗaure mata wani ƙyalle a wuya kamar jaririya, an ajiye mata dankalin da aka dame fari fat babu gishiri. Wata nas ta shigo tana murmushi, ta kira ta da sunanta na yanka, gatsau, sunan da tun ranar aurenta ban ji wani ya kira ba. Yaya ta dube ni ta ce, “Kin ji 'yar nan? Kamar tare muka yi tallan daddawa.”

A ɗakin da ke kusa wata tsohuwa tana ta kiran uwarta. Wani tsoho yana zagaye da takalmi a hannu yana neman ƙofa. Yaya ta ce, “Waɗannan ba su da lafiya, Allah sarki. Ni yaushe za a fara gashin?”

Hajiya ta juya tana gyaran labule.

Ranar Lahadi na tare shi a wajen ajiye motoci na coci, bayan an tashi. Na kira shi da sunansa, cikakke, yadda nake kiransa in ya yi laifi yana yaro.

Na ce, “Me ka ce wa likita?”

Ya ce, “Inna, ba maganar suna kaɗai ba ce. Akwai faɗuwa, akwai wuta. Don lafiyarta ne.”

“Ban tambaye ka wuta ba. Da ya ce ta faɗi sunanka ta yi shiru, me ka ce masa?”

Ya dubi makullin motarsa. Ya ce, “Ke ba ki san yadda ƙasar nan take ba. Ni ina aiki, matata tana aikin dare, yara sun tafi makaranta. In ta faɗi babu kowa fa?”

“To ka ba ni ita. Ɗakina ya ishe mu. 'Yata ta yarda, mijinta ya yarda. Ni na goye ka, zan iya goyon uwarka.”

Sai ya ce, “Inna, mutane su ce me? Ina da gida kamar wannan, uwata tana raɓe a gidan surukin wasu?”

Ka ji inda maganar take. In ya kai ta gidana, za a ce ya kasa riƙe uwarsa. In ya kai ta gidan tsofaffi da ra'ayin kansa, babu Bahaushen da zai ƙara ba shi hannu a cocin nan. Amma in likita ne ya ce ta manta har da ɗanta, sai a tausaya masa. Ya nemi abin da zai rufe masa fuska, ya duba, bai ga komai ba sai kunyar uwarsa. Abin da ta yi shekara da shekaru tana girmama shi da shi, shi ya ɗauka ya kulle ta da shi. Kuma ya san in ina ɗakin zan buɗe baki, shi ya sa ya ce in huta.

Na ce, “Ka san ba za ta taɓa ce maka ka mayar da ita gida ba.”

Ya ce, “Ai ba ta ce ba.”

Ya buɗe mota ya shiga.

Yana zuwa duba ta, kada a ce na ce ba ya zuwa. Yana zuwa da furanni a leda. In ya shigo sai ta kau da kai ta dubi taga, kamar yadda ta saba tun yana cikin tsumma, ma'aikatan kuma su ce wa juna, ga shi nan, ba ta gane shi ba. In ya fita sai ta ce mini, “Ɗanki ya rame. Matar nan tana ba shi abinci kuwa?”

Ni kuwa na mai da bas ɗin nan gidana. Ina ɓoye tuwo da miyar kuka a ƙasan jaka, ƙarƙashin zane. Ina tsefe mata kai in yi mata kitso, don sun so su aske gashin wai ya fi sauƙin wankewa. Ina kawo mata labarin coci, wa ya haihu, wa ya yi rigima da wa. Ta daina tambayar gashin ƙugu. Ban san ranar da ta gane ba, ba ta faɗa mini ba. Na dai ga ta fara zama shiru, hannuwan nan masu faɗi suna kwance a cinya babu abin yi.

Sai 'yar Hajiya, wadda Yaya ta yi wa wankan jego, ta zo gidanmu. Yanzu ita ma nas ce a wani wurin dabam. Ta ce, “Mama, ana iya roƙo a sake gwada ta, da tafinta na waje wanda ba dangi ba, a kuma gaya musu ba ta yi boko ba. Amma za su sake tambayarta mutanenta. In ta faɗi sunansa a gabansu, ko sau ɗaya, magana ta sauya.”

Ranar ban taka ƙasa ba, tashi na yi. Na dama koko, na soya ƙosai, na kama bas ɗin farko. Na same ta an fito da ita tsakar gidan, inda suke da 'yan furanni a cikin tukwane, tana shan hantsi. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata duka, har da abin da aka rubuta a kanta, har da abin da ake faɗa a coci.

Na ce, “Yaya, kalma ɗaya ce. Ki rufe ido ki faɗa, kamar shan magani. In kin faɗa, ni da ke sai Glenwood. Akwai fili a bayan gida, ga irinki na ajiye.”

Ta daɗe tana juya kofin koko a hannu. Ta ce, “Wai a coci ya ce na manta shi?”

“Haka ya ce.”

“A gaban fasto?”

“A gaban kowa.”

Ta ce, “To in na buɗe baki na faɗa, wa na kama? Likitan nan zai juya ya dubi wa? Ranar Lahadi mutane su dubi wa?”

Na ce, “Su dubi wanda ya yi ƙarya mana.”

“Ke dai bakinki tun kina yarinya.” Ta kurɓi koko. “Ban faɗa ba ranar da yake kwance da ƙyanda, ina tsaye bayan danga ina jin numfashinsa yana yankewa. Sai yau, don in ci tuwo a gidanki?”

Na ce, “Yaya, a nan za ki mutu.”

Ta ce, “Ai ko'ina mutuwa ake yi. Ki bar shi da maganarsa, ya zauna a kanta.”

Na yi kuka, na yi faɗa, na ce mata wannan ba kunya ba ce kuma, wauta ce. Ban taɓa gaya mata magana irin wannan ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta bari na gama, ta ce ƙosan ya sha mai. Da na tashi zan tafi ina naɗe kwanuka, sai ta kama bakin zanena.

Ta ce, “Ke kira shi in ji.”

Na ce, “Ai ba ya nan.”

“Na sani. Sunan nake so in ji. Nan babu mai faɗarsa daidai.”

Na duba hagu da dama, babu kowa sai tsohon nan mai takalmi a hannu. Na sunkuya na faɗa mata a kunne, cikakke. Ta lumshe ido. Ta ce, “Ranar sunansa Laraba ce, ana yayyafi. Ubansa ya so wani sunan. Ni na aika masa da wannan ta bakin gwaggo.”

Duk zamana da ita ban taɓa sanin ita ta zaɓa ba. Wannan ce matar da aka ce ta manta.

Ba ta ƙara damina ba. Sanyi na shigowa ta fara tari, ta rage ci, tuwon ma sai ta taɓa ta ce in kai wa Hajiya. Wata safiya na iso da kunu a jaka, nas ta danna mini lambobi, ta ƙi haɗa ido da ni. Na shiga ɗakin na tarar an yaye zanen gado, an naɗe katifa, kayanta suna cikin leda a kan kujera. Ashe tun da asuba Yaya ta cika. Sun kira ɗanta, don shi suka sani. Shi kuma ya ce zai gaya mini in ya samu natsuwa. Na zauna a ƙasa, inda ita za ta zauna, na riƙe kunun yana hucewa a hannuna.

Da aka watse daga zaman makoki, mata suna kwashe kwanuka, sai ya zo ya durƙusa a gabana. Idonsa ya yi ja, kuma na yarda kukan gaske ya yi, uwa uwa ce. Ya ce, “Inna, tun da aka yi rasuwar nan ba ki kira ni ba. Sai ki ce ‘kai’, sai ki ce ‘a gaya masa’. Ke kaɗai kika rage mini.”

Na dubi ƙeyar nan da na sha wankewa. Na ce, “Tashi, baƙinka suna tafiya, je ka sallame su.”

Ya tashi.

Yaya, kin hana ni magana kina da rai, na bi. Yanzu kin huta, babu likitan da zai juya ya dubi kowa saboda ke. Amma jikokinki za su girma su ba 'ya'yansu labari, ba zan bari su ce kakarsu ta mutu ba ta san ɗanta ba. Ubangiji ya shimfiɗa miki zaninki a ƙasa kusa da shi, inda babu ƙofa mai lambobi. Tulunki yana wurina. Irin yakuwar na shuka a bayan gida, ya fito, hannuna bai kashe ba.

'Yata ta tsaya da rubutu ta tambaye ni ko a sa sunansa, don mai karatu ya san wa ake nufi. Na ce a'a. Ranar nan a tsakar gidan tsofaffi, a kunnen uwarsa, ita ce rana ta ƙarshe da sunan ya fita daga bakina. Yanzu mu biyu ne ba mu faɗa. Ita kunya ce ta hana ta. Ni ba kunya ba ce.